Tsadar Hanyar Madawa

Keita, ranar Lahadi

Zuwa ga Ɗayyabu ɗan Kawu Bakari, taubashina kuma bawan gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lahiya, kai da Saude da yara. Yaya damina? An ce mani ruwa ya sauka sosai wajen Galma, Allah shi sa mashi albarka. Ni lahiyata lau, sai gajiya. Na biya Babankatami na gano Inna. Jiki da sauƙi, amma idon hagu ya ƙara rufewa, ko zare ba ta iya sa wa allura. Tana gaishe ka, ta ce ɗan wanta ya manta hanyar gida.

Na kira ka a tarho har yatsana ya gaji, ba ka ɗauka ba. Mutum shina gyaran rezon tarho na gari guda, amma nashi tarho ba shi shiga! Shi ya sa na koma ga takarda, na ba Iro mai kamyo, babbar motar ɗaukar albasa, tunda kullum shina tsakanin nan da Madawa.

Na san ka ji labari, amma gara ka ji shi daga bakina. Kampaninmu ya turo ni daga Yamai in haɗa Madawa da Buza da Keita a kan sabon tsari, wanda ake kira MPLS. Kada sunan shi tsorata ka, ƙato. Ka san buhunan albasa a otogar, tashar mota: mai kaya shi shafa wa buhu fenti, ɗan dako ba shi kwance baki shi leƙa, fenti kawai shike kallo shi san motar da zai jefa shi. To haka ne. Da, kowane ruta, wato na'urar da ke miƙa saƙo daga gari zuwa gari, sai ya karanta adireshin saƙo kafin shi miƙa. Yanzu ruta na farko zai manna wa saƙo etiket, alama kamar fentin nan, na tsakiya su duba etiket, su sauya ta, su wuce da shi. Da wannan ne gidajen likita na ƙauyuka za su samu hanyarsu rufaffa cikin tamu, ba mai ganin abin da suke aika wa juna.

Zaɓen hanya kuwa bai sauya ba. OSPF ne, wanda kai ka koya mani lokacin da na yi staj, wato koyon aiki, wajenka ina ɗalibar lakwal: kowace hanya da tsadarta, kaya kuma mai araha suke bi. Na sa kayan Buza su bi sabon fibir, wayar da anka binne ƙarƙashin ƙasa, ta Keita. Tsohuwar hanyarka ta iska, feson da ke tsakanin Madawa da Buza, na ɗaga tsadarta, ta zama ta ajiya. Don Allah kada ka taɓa ta. In na samu sarari zan zo in koya maka sauran.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Kontirata ta gwaji ce. Ƙarshen wata manya za su zo daga Yamai su duba aikin. In sunka karɓa, za a tabbatar da ni shef ɗin yanki, mazaunina Buza. Ka san abin da wannan ke nufi gare ni. Daga Buza zuwa Babankatami tahiyar moto ce, in tashi daga biro, wurin aiki, in ci tuwon Inna da zafinshi. Na gaji da jin tarinta ta tarho ina Yamai ba abin da nike iya yi. In ba su karɓa ba, sai in tattara in koma can. Ka sa ni a addu'a, ko da yake ban san ko addu'ar bayi tana hawa sama ba.

Ka gai da Kawu in ka je Galma.

Uwargijiyarka,
Adawiyya

*

Madawa, ranar Laraba

Zuwa ga Adawiyya ɗiyar Gwaggo Lantana, baiwar da ta samu takalmi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin albasa. Muna lahiya, Saude ta yi masassara amma ta miƙe. Allah shi ƙara wa Gwaggo sauƙi, ki ce mata ban manta hanya ba, aiki ne. Wasu aikinsu shina da suna, wasu nasu sai zufa.

Tarho kuwa ina ganin kiranki, ɗauka ce ba ni yi. Mi zan ce maki? Barka?

To, barka. Ai gari duk ya ɗauka. Juma'ar da ta wuce na je Galma, bayan an sallame Baba ya tsaida mutane bakin masallaci shina ba su labarinki. Ɗiyar ƙanwata injiniya ce, ita za ta ɗaure Madawa da Buza da Keita da zare guda. Ni ina tsaye gefenshi riƙe da takalmanshi. Liman ya ce, to shi Ɗayyabu fa? Baba ya ce, a'a, shi hawan ƙarfe shike yi. Hawan ƙarfe! Wallahi Adawiyya da ƙasa ta tsage da na shige. Tun kina 'yar lakwal nike hawan pilon, dogon ƙarfen da ake ɗaura eriya. Rana ta dafa mani ƙeya, iska ta kusa jefo ni ban san iyaka ba, rina sun harbe ni can sama ba wurin gudu. Tsohon nan bai taɓa tsaida ko akuya ya ba ta labarina ba.

Na dawo gida, ita ma Saude sai cewa ta yi, ka ga Adawiyya, Allah shi sa Ni'ima tamu ta gado ta. Ba ta ce ta gado ubanta ba. Na bar tuwon nan ban ci ba.

Sannan ga takardarki. Zan zo in koya maka sauran. Ash! Ke da na riƙe wa hannu kina matse kan kabil kina ɓata shi, ke da kike rubuta tsadar hanya a tafin hannu don kada ki manta. An kai ki Yamai an ba ki diplom, ni an bar ni da bel ɗin hawa, don lokacin da ya kamata in ci gaba da karatu ni ke noma gonar da ake ci. Ban ce laifinki ne ba. Amma ina jin zafinshi, kuma ba zan ɓoye ba.

Feson da kinka mai da na ajiya, ni na ɗaura shi da hannuna, wanga gefe da wancan. Tun ranar duk maganar da mutumin Buza ya yi da ɗanshi da ke Lagos ko Agadas, ta gabana take wucewa. Ko sau guda bai kwana a mace ba. Kin zo kin zauna cikin ɗaki mai sanyi, kin buga layi biyu a ordinater, kwamfutar nan taku, kin ɗauke mani garin gaba ɗaya kin kai Keita. Jiya na duba allon, hanyar Buza shiru kamar kasuwar da ta tashi. Ko shawarata ba ki nema ba. Kuma kowa ya san daga Yamai zuwa Buza ta Madawa ya fi kusa, ko jaki aka saki nan zai biyo, ba zai zagaya Tawa da Keita ba.

Ki ji da kyau. Ruta na Madawa a hannuna yake. Ranar da na ga dama zan sauke tsadar nan, kayanki su biyo ta ƙofata suna gaishe ni, manyanki su ga wa ya san ƙasar nan. Fentin buhunanki bai dame ni ba.

Ubangidanki har gobe,
Ɗayyabu

*

Buza, ranar Lahadi

Zuwa ga sarkin hawan ƙarfe,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan Saude ta warware sarai, kai kuma ka koma cin tuwo, don ba mu son bawa ramamme.

Kai Ɗayyabu, Allah shi shirye ka! Takardarka a Babankatami na buɗe ta, na karanta wa Inna tun daga sama har ƙasa. Da na zo wurin akuyar da Kawu bai tsaida ba, Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, hawaye na zuba daga idon mai ciwon. Ta ce tun kana yaro haka kake, in anka raba mana ƙwai ni da kai sai ka ce naka ya fi ƙanƙanta. Rabon da in ga ta yi dariya irin wagga na manta. Na gode maka, wallahi. Duk cikin taubasaina ba wanda ya iya tsiya kamarka, har ka kusa sa ni in yarda da gaske kake.

Maganar Kawu kuwa ka bar ta. Ka san tsofaffin Adar, ɗan cikinsu ba su yabonshi a gaban mutane, kunya suke ji. Ni ɗiyar ƙanwa ce, shi ya sa bakinshi ya sake. A Babankatami Inna kai take yabo, ni ko sunana ba ta kamawa.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Na gwada komi. Likitar Babankatami ta aika takardun marasa lahiya har Yamai ta rufaffar hanya, amsa ta dawo kafin mai jinya ya aje kofin shayi. Etiket na tafiya daga Buza zuwa Keita zuwa Tawa ba tuntuɓe. An sa rana: Alhamis mai zuwa da hantsi, a nan Buza. Dirakta Munir da kanshi zai zo da mutanenshi, da manyan likitocin yanki.

Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Na ga gida. Bayan kasuwa yake, ɗaki biyu da rumfa, da babban itacen bedi a tsakar gida. Ɗaki guda ba shi da tudu a ƙofa, Inna za ta shiga ta fita ba mai riƙe ta. Mai gidan ya ce zai jira ni har Juma'a. Jiya na tsaya ƙarƙashin bedin nan ina ta murmushi ni kaɗai kamar wadda ta zautu.

Kayan da ka ce za su biyo ta ƙofarka suna gaishe ka, ka tanadar masu tabarma da ruwan sanyi. Ranar Alhamis dai ka bar tarho a kunne.

Uwargijiyarka da ta kusa zama shef ɗinka,
Adawiyya

*

Madawa, ranar Laraba

Adawiyya,

Gaisuwa. Muna lahiya.

Ashe dariya kunka yi. Na zauna na zube maki abin da ke cikina, abin da ko Saude ban gaya wa ba, kin ɗauka kin kai tsakar gida kin yi wasan kwaikwayo da shi. Wannan ita ce masifar zama taubashi: ko kuka kake, sai a ce kai wane ya iya tsiya. To ba wasa nike ba. Ban taɓa yin maganar da ta kai waccan gaskiya ba.

Shef ɗinka. Har kin fara.

Yau da safe na shiga ruta na Madawa na sauke tsadar feso ƙasa da ta fibir ɗinki. Ban ɓoye ba, ga shi ina rubuta maki da hannuna. Kafin in ɗauke yatsa kaya sun juyo. Allon da ya yi shiru ya cika, na zauna ina kallo kamar manomin da ruwa ya sauka a gonarshi. Kuma kada ki ce ban gwada ba. Na aika ping, ɗan saƙon gwaji, zuwa Buza, ya je ya dawo, ya ma fi na hanyarki sauri. Na kira mai shagon caji na bakin kasuwar Buza, ya ce intanet lahiya lau, yara na ta kallon bidiyo. Ko'ina kore ne, ba ja ko ɗaya.

Ba ɓata maki aiki nike so ba, Allah shina gani. Gobe in komi ya tahi daidai, za a tabbatar da ke, ki samu gidanki da bedinki. Abin da nike so guda ne: in Dirakta ya tambayi ta ina kaya sunka bi da sauri haka, a ce ta Madawa, ta feson Ɗayyabu. Sau guda a ambaci sunana a ɗaki mai sanyi. Ya yi yawa?

Ba zan kira ki in nemi izini ba, ke ma ba ki nemi nawa ba. Iro zai tashi bayan azahar, kafin magariba takardar na hannunki. In kina da magana ki kira, yau zan ɗauka. Hadari ya haɗu gabas, bari in kai mashi kafin ruwa shi sauko.

Ɗayyabu

*

Madawa, ranar Asabar

Zuwa ga Adawiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lahiya, da Gwaggo. Yanzu ni ke kira ke ba ki ɗauka. To, na ji yadda abin yake.

Sai jiya na ga Iro. Ya ce gulbi ya kawo a hanya, kamyo ya kwana bakin ruwa tare da sauran motoci, takardata ba ta isa hannunki ba sai bayan an watse. Ni kuwa da na ji shiru ranar Laraba, na ɗauka kin karanta kin ga ba matsala. Wallahi haka na ɗauka.

Ranar Alhamis ina biro, kusan azahar, sai ga kiran Dirakta Munir. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce tun hantsi suna zaune, intanet na aiki, amma hanyar likitoci ta mutu. Saƙo na fita daga Buza, amsa ba ta dawowa. Ya ce manyan likitoci sun fara duba agogo, guda ya ma tashi. Ya ce, Ɗayyabu, kai tsohon hannu ne, kana ganin wani abu daga wajenka? A bayanshi ina jin muryarki kina cewa a ƙara maki ɗan lokaci. Ban taɓa jin muryarki ta yi ƙanƙanta haka ba.

Nan take na tuna tsadar da na sauke ranar Laraba. Amsar da ba ta dawowa ta ƙofata take biyowa. Na mai da tsadar yadda kinka bar ta. Kafin in sauke numfashi na ji ɗakin ya ɗauki hayaniya ta cikin tarho, komi ya dawo. Dirakta ya ce, mi ka yi? Na ce wata 'yar tangarɗa ce a wajen zaɓen hanya. Ya ce barabo, madalla, irinku ne ƙashin bayan kampani. Ban ƙara komi ba. Na san ya kamata in ƙara. Bakina ne ya ƙi buɗewa, don tunda nike ba a taɓa gaya mani haka ba.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Ashe ba ki sa etiket a kan feso ba. Saƙon kowa da kowa na wucewa, don shi da adireshi yake tafiya, shi ya sa ping ɗina ya je ya dawo. Na likitoci kuwa etiket ce kaɗai idonshi. Ya iso Madawa, ruta ya duba hanyar da na buɗe, ba etiket ɗin da zai sauya mashi, sai ya zubar. To ni ina zan sani? Cewa kinka yi kada ka taɓa, kamar ana hana yaro wasa da wuƙa. Da kin ce Ɗayyabu, hanyar nan ba ta da etiket tukuna, kaza da kaza zai faru, ai da ko da kuɗi ba zan taɓa ba. Kin tsaya ba ni labarin buhun albasa, abin da ya kamata ki faɗa kin bar shi sai kin zo koya mani. Ke ma da naki a ciki.

Mi anka yanke? Ba wanda ke gaya mani komi. Ki ɗauki tarho, ko ki ba Iro ko layi guda.

Taubashinki,
Ɗayyabu

*

Madawa, ranar Litinin

Adawiyya, baiwata,

Sallama. Gero ya fara bununi, ban ji daga gare ki ba. Iro ya je ya dawo har ya fara jin kunyar haɗa ido da ni. An ce kin koma Yamai.

Na ga rapor, rahoton da kinka rubuta, Dirakta ya turo mana. Kin ce hanyar ajiya ba ta da etiket, wannan giɓi ne a tsarinki, kuma ke ke da alhakinshi. Game da wanda ya sauke tsada kin ce an yi sauyi a lokacin da bai dace ba. An yi. Wa ya yi? Na karanta shi har na haddace, sunana ba shi ciki. Kina da takardata a hannu, da rubutuna da sa hannuna. Da kin aje ta a teburin Dirakta da yanzu ina Galma ina noma.

Kin san abin da sunka yi? Ni sunka ba riƙon yankin. Shef, mazauni Buza. Sun ce ana son mai sanyin kai wanda ya san ƙasa. Ranar da takardar ta zo na shiga bayan biro na zauna kan tsohon batir, na rasa abin da ke mani daɗi.

Juma'a Baba ya tsaida mutane bakin masallaci. Wanga karo ni ne labarin. Ya ce injiniyoyin Yamai sun rasa yadda za su yi, ɗana ya gyara da yatsa guda. Ɗana, ya ce, a gaban liman. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan, Adawiyya, ya zo, sai na sulale na bar wurin kafin shi gama. Na je Babankatami don in same ki, sai Gwaggo kaɗai na tarar tana laluben ƙofa. Ta kama hannuna ta yi ta sa mani albarka, wai kin ce mata ni na fid da ke kunya ranar nan. Ta ba ni wake a ƙwarya in kai wa Saude. Yana nan a ɗaki, na hana a dafa.

Kuma bari in gaya maki gaskiya, tunda ba ki son ji a tarho: har yanzu ina jin haushinki. Ko a nan kin fi ni. Kin yi shiru kin zama babba, ni na samu kujera na zama ƙaramin mutum. Duk wanda ya ce mani shef, ke nike gani. Da kin tona ni da mun yi daidai, kin rama, an wuce wurin. Yanzu ina zan kai wanga kaya?

Kuma ban iya aikin ba. Etiket ɗin nan na buɗe littafinsu na rufe ban san iyaka ba. Jiya Keita sunka kira suna tambaya, na ce ina zuwa, na kashe tarho.

Ki zage ni, don Allah. Ki ce mani bawa, ki ce mani ƙato, ki ce sarkin hawan ƙarfe. Ki kai wagga takarda ki karanta wa duk wanda kinka ga dama, su yi dariya. Ni dai ki ce wani abu.

Bawan gidanku,
Ɗayyabu

*

Yamai, ranar Alhamis

Zuwa ga Malam Ɗayyabu Bakari, shugaban yanki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Wasiƙunka sun iso. Ina taya ka murnar muƙamin da aka ba ka, Allah ya taya ka riƙo.

An mayar da ni sashen kula da na'urori a nan Yamai. An ce za a sake duba maganata nan gaba, ba a faɗi lokaci ba.

Game da aiki, kada ka ƙara kashe tarho idan Keita sun kira, marasa lafiya ne a ƙarshen layin. Abu na farko, a kunna rabon etiket a kan feso, gefen Madawa da gefen Buza, a tabbatar ruta biyun sun ga juna kafin a taɓa tsadar kowace hanya. Na biyu, ping ba ya nuna lafiyar hanyar likitoci. Sai an shiga cikin hanyar tasu an gwada daga can. Na tura cikakken bayani ta adireshin ofis. Duk abin da bai fito ba a tambaye ni ta nan, zan amsa a lokacin aiki.

Ka ce ina da nawa laifin. Haka ne, kuma na rubuta shi da sunana. Ranar nan na duba Buza, na duba Keita, na duba Tawa, na sake dubawa, mutane suna kallon bayana. Madawa kaɗai ban duba ba, saboda kai ne a can. Da Dirakta ya aje tarho ya ce an gyara daga Madawa, ban buƙaci wata takarda ba.

Ban rufa maka asiri don in fi ka ba. Kawu ya tsufa, Inna kuma ba ta da wani ɗan'uwa sai shi. Ban gaya musu ba, kai ma kada ka gaya musu. A dafa waken.

Ka ce in zage ka. Zagin nan da wasa ake yin sa, Malam Ɗayyabu. Ka gaya mini gaskiya na ɗauka wasa ne, na yi dariya, wannan ya dame ni kuma ina ba ka haƙuri. Amma na nemi wasan a raina tun daga ranar, ban same shi ba. Ba na jin zai dawo.

Gidan bayan kasuwa na gaya wa mai shi ya daina jira. Idan kana so ka yi masa magana, yana kusa da ofis, kuma yara za su ji daɗin inuwar.

Roƙo ɗaya nake da shi. Likitan ido yana zuwa Buza farkon wata, na riga na rubuta sunan Inna. Ba a ba ni hutu ba. Tunda kai ne kusa yanzu, ka je ka ɗauko ta da motar aiki. Ba ta son zama gaba, ka sa ta baya wajen taga, kuma ka riƙe mata hannu a bakin ƙofa, akwai tudu.

Wassalam.

Adawiyya Sabi'u